Ciwo yana baki, me ya kai wuƙa ƙafa?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 63 ne. Wani miki ya fito masa a dasashin ƙasa, ya fi wata biyar ya ƙi warkewa. Da aka yanki kaɗan aka auna sai aka ce ciwon daji ne, hoto kuma ya nuna ya taɓa ƙashin muƙamuƙi. Likitoci sun ce za su cire ƙashin daga wajen haɓa har kusa da kunnen hagu, su ciro wani ƙashi daga ƙafarsa su maye gurbin, aikin kuma zai kai awa 10. Hankalinmu ya tashi ƙwarai. Ciwo yana baki, me ya kai wuƙa ƙafa? Zai sake tafiya? Ba za a iya sa masa ƙarfe kawai ba? Yayana yana ganin a cire ciwon tukuna, in ya huta ya murmure sai a yi gyaran daga baya. Don Allah a gaya mini gaskiya: zai sake cin abinci da bakinsa, zai yi magana a ji?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

In na fahimce ki, abu huɗu ne ke damunki: dalilin taɓa ƙafa, ko ƙarfe zai wadatar, ko a raba aikin gida biyu, sai kuma yadda rayuwarsa za ta kasance bayan an gama. Ban ga hoton Baba ba, ban leƙa bakinsa ba, don haka hukuncin ƙarshe yana hannun waɗanda suka gan shi. Amma abin da suka gaya muku aiki ne sananne, irinsa nake shiga ɗakin tiyata dominsa, kuma daga bayaninki shawararsu tana kan hanya.

Tiyatar ciwon daji a kai da wuya aiki biyu ce a rana ɗaya: cirewa da mayarwa. Mai cirewa ba ya yanka a bakin ciwon. Yana barin tazarar kusan santimita 1 ta lafiyayyen nama a kowane gefe, domin idan aka duba abin da aka ciro a madubin likita ana so a ga aƙalla milimita 5 tsakanin ciwon da inda wuƙa ta bi. Ciwon da kike gani kamar girman babban yatsa, ramin da zai bari ya ninka shi. A zamanin da ba a iya cike irin wannan rami ba, likita kan ji hannunsa yana noƙewa, ya rage yanka don gudun abin da ba zai iya rufewa ba, ciwon kuma ya dawo. Babbar fa'idar gyaran zamani ita ce mai cirewa yana yanka iya abin da cutar ta buƙata, domin ya san akwai mai cikewa a bayansa. Mutane suna ɗaukar gyaran a matsayin kwalliya. Kyan fuska yana ciki, amma shi ne na huɗu a layi, bayan numfashi da haɗiya da magana.

Muƙamuƙin ƙasa shi ne turken da harshe da tsokokin ƙasan baki suke ɗaure a jiki. Idan aka cire wajen haɓa aka bar shi haka, harshe sai ya zame baya ya tare hanyar numfashi, leɓe ya faɗa ciki, miyau ya riƙa dalala. Idan gefe aka cire, sauran rabin ya karkace zuwa ɓangaren da babu ƙashi, haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa. Ga kuma haɗarin da ido ba ya gani: a irin wannan aiki ana buɗe wuya a kwashe kaluluwa, wato 'yan ƙullutun da ciwon ke fara yaɗuwa cikinsu, kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna nan kwance. Miyau cike yake da ƙwayoyin cuta. Dole a gina katanga mai rai tsakanin baki da wuya, in ba haka ba miyau ya yi yoyo ya sauka kan waɗannan jijiyoyi.

Dashe iri uku ne

Duk wanda ya taɓa dasa shuka zai gane wannan da sauri. Akwai dashen da ake yi ba saiwa. Ana feffe fata siririya daga cinya a shimfiɗa ta a kan ciwo, ta rayu da ɗan ruwan jikin da take tsotsa daga ƙasanta har sababbin jijiyoyi su tsiro su shige ta cikin 'yan kwanaki. Tana kamawa a kan nama mai jini. A kan tsuran ƙashi ko ƙarfe ba ta kamawa, ba ta kuma cike rami mai zurfi.

Na biyu shi ne a ɗago nama daga maƙwabtaka, a bar jijiyar da ke shayar da shi a haɗe, a juyo shi zuwa inda ake bukata. Mu a asibiti fulaf muke ce wa irin wannan yanki mai tafe da jininsa. Wannan dabara ta tsufa ƙwarai. Likitocin Indiya sun daɗe suna gyara yankakken hanci da fatar kunci da ta goshi, har labarin ya isa Ingila a 1794, kuma fatar goshi har gobe ita ce kan gaba wajen gina hancin da ciwon dajin fata ya cinye. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya Harold Gillies ya faɗaɗa fannin a kan sojojin da harsashi ya ragargaza wa fuska. A 1979 wani likita a Amurka, Stephan Ariyan, ya nuna yadda za a ɗago tsokar ƙirji da fatarta a bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa baki. Tsokar ƙirjin nan ta ceci mutane ba adadi, kuma har yanzu ina komawa gare ta. Aibinta na akuyar da ke turke ne: iya tsawon igiyarta za ta kai. Tana da kauri, tana da nauyi, tana jan wuya ƙasa, kuma ba ta kawo ƙashin kirki.

Na uku shi ne wanda aka faɗa muku. Ana yanke yankin ɗungurungum daga wani wuri mai nisa, da jijiyarsa mai kawo jini da mai mayarwa, a kawo shi wuya a jona su da jijiyoyin wuyan a ƙarƙashin madubin likita. Da aka tsinke igiyar, sai jiki duka ya zama wurin zaɓe. Ana son fata siririya mai laushi don harshe ko cikin kunci, sai a je gaban hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Likitocin Sin ne suka fito da wannan, aka buga shi a 1981. Ana son nama mai yawa don babban rami, sai a je gefen cinya, shi ma daga Sin a 1984, likitocin Japan da Taiwan suka yaɗa shi. An cire maƙoshi zagaye, sai a naɗe fatar cinya kamar bututu, ko a ciro guntun hanji, wanda aka fara buga rahotonsa tun 1959. Ana son ƙashi, akwai allon kafaɗa, akwai ƙashin ƙugu, akwai kuma ƙafa. Ramin ne ke faɗin abin da za a ɗauko: abin da aka rasa, da irinsa ake mayarwa.

Dalilin zaɓen ƙafa

Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙashi biyu ne. Babban, wanda kike ji a gaban ƙwauri, shi ke ɗaukar nauyin jiki. A gefensa ta waje akwai siriri, sunansa fibula, abin da yake ɗauka bai wuce kashi 1 cikin 6 ba. Ian Taylor na Ostireliya ne ya fara buga rahoton dasa shi da jijiyarsa don gyaran ƙafa a 1975, sai David Hidalgo a Amurka ya nuna a 1989 cewa ana iya gina muƙamuƙi da shi. Tun daga nan ya zama zaɓin farko a kusan ko'ina.

Dalilai uku suka ba shi wannan matsayi. Yana da tsawo, ana iya samun har kusan santimita 25, wanda ya ishi muƙamuƙi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jijiyarsa tana bin sa a gefe daga sama har ƙasa tana shayar da shi ta fatar ƙashi, saboda haka ana iya yanka shi gunduwa biyu ko uku a lanƙwasa shi ya bi siffar haɓa, kowace gunduwa kuma tana samun jini. Sannan yana zuwa da tsibirin fata daga gefen ƙwauri, wanda za a shimfiɗa a cikin baki ya maye dasashin da aka cire. Akwai wata riba ta gefe: ƙafa tana nesa da kai, don haka ayari biyu suna aiki lokaci guda ba tare da sun takura wa juna ba, ɗaya yana cire ciwo, ɗaya yana shirya ƙashi.

Ga yadda awa goman ke tafiya. Bayan an sa shi barci, sau da yawa ana fara buɗe masa ƙofar numfashi a gaban wuya a sa bututu, saboda baki da harshe za su kumbura na 'yan kwanaki. Ana kwashe kaluluwar wuya, a ware jijiyoyin da za a yi jonin da su, a lallaɓa su kamar ƙwai. Kafin a yanke muƙamuƙi ana lanƙwasa wata siririyar sandar ƙarfen titaniyom a jikinsa don a riƙe siffarsa ta asali. A cibiyoyin da ke da kayan aiki ana yin wannan tun kafin ranar, a kwamfuta: a ɗauki hoton kai da na ƙafa, a tsara inda zarto zai bi, a buga 'yan ma'aunan yanka da za a ɗora a kan ƙashin. Yana rage lokaci, yana ƙara daidaito, amma ƙwararren hannu yana fitar da aiki mai kyau ko babu shi. Idan an ciro ciwon, ana aika 'yan yankuna daga gefunan ramin ɗakin gwaji a duba nan take. In an ga saura, a ƙara yanka.

Sai a zo ga jonin. Jijiyoyin faɗinsu milimita 2 zuwa 3 ne, zaren ɗinkin kuma ya fi silin gashin kai siranta, ba ka ganinsa sosai sai ta madubi. Ɗinki takwas zuwa goma ke zagaye bakin jijiya ɗaya. Daga lokacin da aka yanke ƙashin daga ƙafa zuwa lokacin da jini ya sake shigarsa agogo yana gudu, kuma muna ƙoƙarin kada abin ya wuce 'yan awanni. Idan aka saki 'yan matsen da suka tare jinin, fatar da ta yi fari fat kamar takarda sai ta fara sauya launi daga gefe, jini ya ɗan tsattsafo a bakinta. Na ga wannan sau da yawa, amma har yau ɗakin yakan yi tsit a wannan minti.

Zai yi tafiya, da yardar Allah. Ana barin kamar santimita 6 zuwa 8 na ƙashin a ƙasa don idon sawu ya tsaya daram, a bar wani a sama don kare jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa. Yawanci cikin mako na farko ake tsayar da mutum ya fara takawa da takalmin tallafi, a hankali ya koma tafiyarsa. Abin da kan biyo baya: babban yatsan ƙafa ya yi rauni ko ya ɗan lanƙwashe, idon sawu ya yi tauri, gefen ƙafa ya yi dindiris, ko kuma wurin da aka ɗebi fata ya yi jinkirin warkewa, wanda shi ne ƙorafin da na fi ji. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi. Jijiya uku ke kai jini tafin ƙafa, za a tafi da ɗaya, dole a tabbata biyun da suka rage lafiyarsu ƙalau. A dattijo, musamman mai ciwon suga ko wanda ya daɗe yana shan taba, suna iya toshewa, wasu mutane kuma halittarsu ce wadda za a ɗauke ita ce babbar. Shi ya sa ake yin hoton jijiyoyin ƙafa kafin aiki. In hoton ya nuna matsala, sai a koma allon kafaɗa.

Ƙarfe kaɗai, da shawarar Yaya

Ana sa ƙarfe kaɗai, kuma wani lokaci shi ne daidai. Idan gibin ƙarami ne, a gefe yake can baya, mutumin kuma zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki dogon aiki ba, sai a haɗa gibin da sandar titaniyom a lulluɓe ta da nama mai kauri daga ƙirji ko cinya. Amma ƙarfe ba shi da rai. Muƙamuƙi yana motsi dubban sau a yini, ƙarfen da ake lanƙwasawa kullum kuwa ko ya karye ko sukurorinsa su saki. Fatar da ke kansa, in ta sha radiyoterafi, wato gashin da ake yi wa wurin da haske mai ƙarfi, takan yi siriri har ƙarfen ya huda ta ya fito fili. Wannan ya fi faruwa a wajen haɓa, inda Baba zai rasa. Ƙashi mai jini kuwa cikin wata 2 zuwa 3 yake haɗewa da sauran muƙamuƙi kamar yadda karaya ke ɗoruwa, yana yaƙar ƙwayar cuta da kansa, yana jure gashin, kuma ana iya kafa haƙora a cikinsa. Ko a aikin fibula akwai ƙarfe, sai dai aikinsa riƙo ne na wucin gadi kafin ƙashi ya karɓa.

Shawarar Yayanki shawara ce ta tausayi, kuma shekarun baya haka likitoci da kansu suke yi. An bar ta ne saboda abin da aka gani. Ciwon da ya shiga ƙashi kusan kullum ana bin tiyatarsa da radiyoterafi, kuma ana so a fara cikin mako 6 bayan aiki, domin jinkiri yana ba ragowar ƙwayoyin cutar damar farfaɗowa. Ba a gasa wurin tiyatar da bai rufe ba. Gyaran da aka yi a take shi ne ke sa wurin ya warke a kan lokaci. In kuwa aka bari sai bayan gashi, abin da za a tarar daban ne: nama ya ƙanƙance ya yi tauri kamar katako, guntayen muƙamuƙi sun karkace sun zauna a inda suka ga dama, jijiyoyin wuyan da za a yi joni da su sun nutse cikin tabo, bangonsu ya yi gautsi. Na yi irin wannan gyara na baya-baya, ana yin sa, amma wahalarsa ninki ce kuma sakamakonsa ba ya kai na farko. Ga shi an sa dattijo barcin tiyata sau biyu maimakon ɗaya.

Wasu iyalai suna tsoron kada naman da aka dasa ya ɓoye ciwon in ya dawo. Bibiya da ido da hannu da hoto ake yi, dashen ba ya hana ta. Za a riƙa ganinsa a kai a kai, musamman shekara 2 na farko da dawowar ciwon ta fi yawa a cikinsu, a ci gaba har shekara 5.

Shekara 63 ba ta hana wannan aiki. Na yi wa waɗanda suka girme shi nesa. Ƙarfin zuciya da huhu da ƙoda, da yadda mutum yake hawa bene ko tafiya ba haki, su ne likitan sa barci zai auna.

Kwana ukun farko

A cibiyoyin da suka saba, fiye da 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna rayuwa. Waɗanda ke lalacewa, yawancinsu a awa 48 zuwa 72 na farko ne, kuma mafi yawa jijiyar da ke mayar da jini ce ke toshewa da gudan jini. Shi ya sa za ki ga ma'aikaciyar jinya tana zuwa kowace awa, dare da rana, da 'yar tocila. Tana duba launin fatar da ke cikin bakin, ta danna ta ga saurin dawowar jini, ta ɗora wata 'yar na'ura ta saurari bugun jijiyar. Wani lokaci a tsira wa fatar allura: jini ja mai fitowa a hankali alheri ne, baƙin jini mai saurin bulbulowa alamar hanyar fita ta toshe, rashin jini gaba ɗaya kuma hanyar shiga ce.

Wani dare wajen ƙarfe biyu wata nas ta kira ni a kan wani dattijo da muka yi wa aiki da rana. Ta ce na'ura tana bugawa lafiya, amma launin bai kwanta mata ba, ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Kafin awa ta cika mun koma ɗakin tiyata. Jini ne ya taru a wuya ya danne jijiyar ta lanƙwashe. Muka kwashe shi, muka warware jonin muka wanke muka sake ɗinkewa, launi ya dawo. Da ta jira zagayen safe, da ƙashin ya tafi. Saboda haka idan aka ce muku za a koma da shi ciki cikin gaggawa, ku sa hannu da sauri, ceto ake so a yi. Kuma duk inda za a yi wannan aiki, masu gadin dare sun kai likitan muhimmanci. A wasu ƙananan dashe da jini ya cushe, kamar na leɓe ko kunne, har matsattsaku ake ɗorawa su zuƙe. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da hakan a 2004.

Ku masu jinya akwai naku. Kada a ɗaura masa komai a wuya, kada a tura masa matashi ya lanƙwashe wuyan ko ya juyar da kai gefe sai yadda aka ajiye shi, kada a ba shi ko kurɓin ruwa don tausayi. Da farko ba zai iya magana ba saboda bututun wuya, don haka ku tanadi allo ko takarda da biro, ko ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun kafin ranar. Farkawa ba murya tana firgita mutum fiye da ciwon kansa in ba a gaya masa ba. Bututun na 'yan kwanaki ne, da kumburi ya saɓe ake cire shi, ramin ya rufe da kansa. Zaman asibiti yakan kai mako 2.

Ci da magana

Kin ce in faɗi gaskiya. Yadda zai ci da yadda zai yi magana sun fi dogara da yawan harshen da aka bari fiye da ƙashin da aka sa. Daga bayaninki ciwon a dasashi da ƙashi yake. In harshe ya tsira, ko kaɗan aka taɓa, ina sa ran zai yi magana a ji shi sarai, ya ci abinci mai laushi da bakinsa. Akwatin muryarsa ba a taɓa shi, muryar da kika sani ita za ki ji. Da farko ta robar hanci za a riƙa ba shi abinci, kamar mako ɗaya zuwa biyu, sai a gwada shi da ruwa a gaban mai koyar da haɗiya, a ci gaba mataki-mataki.

Amma akwai abin da ba zai dawo ba. Jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji ta cikin ƙashin take bi, za ta tafi tare da shi, don haka wannan gefen zai zauna kamar an yi masa allurar kashe zafi. Zai iya zubar da ruwa ta nan bai sani ba har sai ya koyi kula. Fatar da aka kawo daga ƙafa fata ce: ba ta jin ɗanɗano, ba ta yin miyau, ba ta motsi da kanta, a wasu maza har gashi take fitarwa a cikin baki, wanda radiyoterafi kan kashe, ko a cire shi daga baya. Haƙoran wannan gefen sun tafi. Ana iya kafa turakun titaniyom a cikin sabon ƙashin a ɗora haƙora a kai, wasu cibiyoyin a ranar aikin, yawanci kuwa bayan watanni, idan an gama gashi wuri ya lafa. Fibula bai kai muƙamuƙi mai haƙora kauri daga sama zuwa ƙasa ba, shi ya sa wani lokaci ake ninka shi biyu. Fuska za ta kumbura sosai da farko. Kada ku yanke hukunci a kan kamanninsa kafin wata 3 zuwa 6.

Wahala ta biyu tana zuwa ne lokacin radiyoterafi, wanda yakan ɗauki kusan mako 6, kwana 5 a mako. Baki yana ɗayewa, miyau ya ƙafe, ɗanɗano ya gudu na wani lokaci, tsokokin tauna su nemi ƙagewa. A nan mutane da yawa suke sarewa, su daina haɗiya su dogara da roba. Maƙogwaron da aka daina aiki da shi kuwa yana mantuwa. Ko kurɓi-kurɓi ne ya ci gaba da haɗiya muddin an ba shi izini, ya kuma riƙa atisayen buɗe baki kullum. Ma'aunin mai sauƙi ne: yatsu uku a jere su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Haƙoran da suka ruɓe a cire su kafin a fara gashi, domin cire haƙori daga ƙashin da ya sha haske yana iya jawo mikin ƙashi mai wuyar magani.

Kafin ranar aiki, in yana shan taba ko shaƙa ta ya bari yau, domin tana tsuke ƙananan jijiyoyin da dashen zai rayu da su. In yana da suga a daidaita shi. Duk maganin da yake sha, na asibiti da wanda ba na asibiti ba, a kai wa likitoci su gani, musamman masu tsinka jini. Ku tambaye su ko an yi hoton jijiyoyin ƙafar, ku tambayi sau nawa suke irin wannan aiki a shekara, wa ke duba dashen da dare, da abin da suka tanada in bai kama ba. Amsar da aka saba ita ce ɗaya ƙafar, ko kafaɗa, ko tsokar ƙirji. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ku kuma nemi a haɗa ku da sashen radiyoterafi tun yanzu, don kada a gama tiyata a tsaya jiran layi mako shidan ya wuce.

Mai miki a baki wata biyar, na tabbata ya rame ko bai faɗa ba, jikin da ya rame kuma ɗinki ba ya kama shi da kyau. Ku ɗora Baba a sikeli gobe da safe ku rubuta nauyinsa, ku gaya wa likitocinsa nawa yake kafin ciwon ya fara. In ya zube da yawa, za su iya sa masa robar abinci tun kafin aiki don a ɗan gina shi a kwanakin da suka rage.